Yadda Ake Zana Taswirar Manhaja Don Gano Inda Sirri Ke Yoyo

Da farko, zana hanyoyin da bayanai ke bi, da alamomi huɗu kacal: murabba'i ga mai amfani ko wata manhaja ta waje, da'ira ga aikin da ke sarrafa bayani, layuka biyu a jere ga ma'ajiya, kibiya kuma ga hanyar da bayanin ke bi. OWASP Threat Dragon, manhajar yin irin wannan zane, kyauta ce, kuma ta wadatar.

Na biyu, ja layi mai ɗigo-ɗigo duk inda amana ta sauya hannu, kamar tsakanin wayar mutum da sabar, wato kwamfutar da manhajar ke aika wa bayanai.

Na uku shi ne gundarin aikin, kada ka yi gaggawa. Ba kowane bayani lakabi: na kowa, na cikin gida, ko na sirri, daga matakin ƙasa zuwa na sama. Kowane sashe ma rubuta iyakar matakin da aka yarje masa ya gani. Sannan fayyace abin da kowane aiki ke yi wa lakabin. In aka gauraya bayanin kowa da na sirri, abin da ya fito na sirri ne. Kulle bayani da mabuɗi, wato sauya shi yadda sai mai mabuɗin ne zai iya karanta shi, yana sauke lakabinsa, amma mabuɗin kansa ya gaji sirrin.

Na huɗu, bi kibiyoyin ɗaya bayan ɗaya da ƙa'idar tsaron bayanai ta Bell da LaPadula ta 1973: sashen da ke matakin ƙasa ba ya karanta bayanin matakin sama, na sama kuma ba ya rubutawa ƙasa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne kundin da manhaja ke rubuta kurakuranta, da kwafin ajiya. Ana mantawa da su a zane, sai lambar katin banki ta zauna can a buɗe. Zana su a matsayin ma'ajiya, ka sake bin mataki na huɗu.