Yadda za ka zaɓi hanyar ƙara wa shuka iskar CO2 a rufaffiyar rumfa

Wani maƙwabcina a Birnin Kebbi ya kafa rumfar tumatir, ya ji an ce Turawa suna ƙara wa shukarsu iskar kabon dayokzayid, wato CO2, sai ya sayo silinda cike da ita. Kafin sati ya zagayo ta ƙare, tumatir kuwa bai nuna ya san an yi ba. Da na leƙa sai na ga gefunan rumfar duk raga ce. Iskar da ya biya kuɗi ya saya tana fita ta bi gari. Abin ya dame ni, domin kuɗin da ya tafi ya isa taki da iri mai kyau.

Ganye yana haɗa abincinsa ne da hasken rana da ruwa da wannan iska. A sararin da muke shaƙa akwai wajen kashi 420 cikin miliyan, abin da na'ura ke rubutawa da ppm. Idan rumfa ta rufe ruf, rana ta take, shuke-shuken kan zuƙe iskar har ta sauko kusa da 200, girma ya ja baya. Idan aka ɗaga ta zuwa tsakanin 800 da 1,000, tumatir da kokwamba da tattasai da latas sukan ƙara yabanya. Masara da dawa da gero kuwa ba su cika amfana ba.

Mataki na farko: duba ko rumfarka tana riƙe iska. Nan ne maganar take a wajenmu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kebbi kan haura digiri 40, cikin rumfar leda kuma ya fi haka. Dole ka buɗe gefuna, in ba haka ba furen tumatir ya zube. Da ka buɗe, abin da ka ƙara ya tafi. Saboda haka mai rumfar raga ya bar wannan zance, iskar waje tana shigar masa kyauta. Wanda zai ci riba shi ne mai rumfar da ke rufuwa da sanyin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, ko mai ɗakin shuka da ke da fitilu da na'urar sanyaya ɗaki.

Na biyu: tabbatar haske da ruwa da taki sun wadata. Shukar da ƙurar hunturu ta dusashe mata leda ba iska take nema ba, wanke ledar take so.

Na uku: auna. Sayi ƙaramar na'urar auna CO2, ka rataye ta daidai tsayin ganye, ka duba da asuba da kuma hantsi. Sannan ka yi lissafin ɗakin. Mai tsawon mita 10, faɗi 5, tsayi 3, yana da kubik mita 150 na sarari. Ɗaga CO2 ɗin cikinsa daga ppm 400 zuwa 1,000 na bukatar lita 90 na iskar, wajen giram 160. Ka ga ba yawa, amma ganye na sha, ƙofa na yoyo, sai an yi ta ƙarawa.

Na huɗu shi ne zaɓen kansa.

Ruɓaɓɓen taki ya fi dacewa da mafi yawanmu. Kebbi jihar shinkafa ce, buntu da tattaka ba su yi wuya ba daga Argungu har Yawuri. Ka haɗa su da kashin shanu a cikin durom ko rami a wani gefe cikin rumfar, ka yayyafa ruwa ya yi laima ba jagwab ba, ka riƙa juyawa. Ƙwayoyin da ke ruɓar da shi suna fitar da CO2, daga baya kuma takin ya koma gindin shuka. Aibinsa ba ka iya kunna shi ko kashe shi. Kada ka sa ɗanyen kashin kaji da yawa, warin amoniya da yake fitarwa yana ƙona gefen ganye.

Sukari da yis a jarka yana aiki a ɗan ƙaramin wuri, kamar inda ake renon iri. Kilo ɗaya na sukari bai wuce ya ba da rabin kilo na iskar ba, a hankali cikin kwanaki. Ga tsadar sukari, ga shi ruwan da ya rage barasa ne, sai a zubar da shi inda yara ba za su kai ba. Ni dai ba na son sa.

Ƙona gas ɗin girki yana ba da iska mai yawa, kilo ɗaya kan fitar da kusan kilo 3. Amma yana ƙara zafi da gumi a wurin da zafin ya riga ya yi yawa. Harshen wutar ya zama shuɗi. In ya koma ruwan ɗorawa, yana fitar da kabon monokzayid mai kisa da kuma etilin, wanda ke sa ganyen tumatir lanƙwashewa ƙasa, fure ya kakkaɓe. Gawayi da hayaƙin janareta kuwa kada ma ka kusance su, don Allah.

Silinda ita ce mafi tsabta, ba zafi ba hayaƙi. Tana bukatar regileta da makunni mai bin agogo ko na'urar auna. Kafin ka saya ka binciki inda za ka riƙa cikowa da kuɗin mota, domin nan ne mutane ke makalewa.

Na biyar: lokaci da wuri. A saki iskar bayan fitowar rana, a tsayar kafin a buɗe gefuna. Da dare ba ta da amfani, ganye ba ya aiki sai da haske. Ta fi iskar ɗaki nauyi, don haka a ɗaura tiyon sama da kan shuka, a sa ƙaramar fanka tana juyawa. Ka kula da kanka ma: iyakar da aka gindaya wa ma'aikaci ppm 5,000 ce cikin awa 8, kuma silinda mai yoyo a rufaffen ɗaki tana iya wuce haka nesa. In ka ji ciwon kai ko jiri, fita ka bar ƙofa a buɗe.

In kana da rumfa biyu, gwada a ɗaya ka bar ɗaya yadda take, iri ɗaya, ban ruwa ɗaya. Duk ranar tsinka ka ɗora kwandon kowacce a sikeli ka rubuta, ƙarshen kaka ka cire kuɗin iskar daga bambancin.