Shawara ga masu haɗa kyandir mai ƙamshi

Salamu alaikum 'yan uwa mata na Nima da Mamobi a Accra. Masu son fara sayar da kyandir mai ƙamshi, kada ku ɗora kaki kai tsaye a kan wuta, yana iya kamawa. Ku zuba shi a gwangwani, ku tsoma gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi har ya narke.

Wajen turare ne ake yawan yin asara. Gram 60 zuwa 80 ya ishi kilo 1 na kaki. In kuka wuce haka don ƙamshi ya tashi, sai ku ga mai yana tsattsafowa a saman kyandir kamar gumi, lagwani kuma ya riƙa hayaƙi. Mai na kyandir za ku nema, turaren jiki mai sinadarin barasa bai dace ba sam.

Zafin Accra kuwa ba ya raga wa kakin waken soya, shi ya sa na fi son gwangwani mai murfi a kan kwalba. In za ku kai kasuwar Makola a tirotiro (motar haya), ku naɗe kowanne da takarda cikin kwali, nesa da rana. Ku manna gargaɗi a gindi: a rage lagwani kafin kunnawa, kar a bar shi yana ci fiye da awa 4.