Kurakuran da Aka Fi Yi a Binciken Tafiyar da Harkar Magunguna

Binciken yadda ake saye da adanawa da rarraba magunguna ya sauya alƙibla a 'yan shekarun nan, inda hankali ya koma kan bin diddigin magani tun daga kamfani har hannun majiyyaci, amma tsofaffin kurakurai sun biyo masu binciken.

Babba daga cikinsu shi ne dogaro da ziyarar rana ɗaya. Tsarin auna farashi da samuwar magani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da ƙungiyar Health Action International (HAI), mai fafutukar samar da magani ga jama'a, a 2003 yana duba abin da ke kan kanta ne a ranar da mai bincike ya zo, ba fiye da haka ba. Wanda ya je asibitin karkara a watan Fabrairu, ya tarar da maganin zazzaɓin cizon sauro jibge, zai rubuta cewa babu ƙaranci, alhali bai ga watan Satumba ba, lokacin da damina ke cika ɗakin jira da yara. Gyaran shi ne a ƙirga kwanakin da magani ya yanke cikin shekara daga katin sito, sannan a ƙirga kwalayen da hannu. Hakan ma bai wadatar ba. Na taɓa ganin kati ya nuna akwai allurar oxytocin, wadda ake yi wa mata don tsayar da zubar jini bayan haihuwa, kuma tana nan, sai dai firjin ya kwana biyu babu wuta, ga shi yawancin irinta ana so a ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. A takarda "akwai" za a rubuta.

Kuskure na biyu shi ne haɗa jabun magani da marar inganci. Hukumar ta raba ma'anarsu a 2017, shekarar da ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na kayan magani a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ya faɗa cikin ɗayan biyun. Ɗalibai kan kawo adadin a matsayin na jabu kaɗai, wanda ba daidai ba ne: jabu aikin mayaudari ne, marar inganci kuwa yana iya fitowa daga kamfani mai rajista, zafin sito ya lalata shi.

Akwai kuma mantawa da masu kemis, waɗanda su ne mutane da yawa ke fara zuwa wurinsu. Binciken da ya tsaya a asibitocin gwamnati ba zai bayyana abin da mayar da dillalan magani daga Sabon Garin Kano zuwa sabuwar kasuwar magunguna ta Dangwauro a 2024 ya yi wa farashi a unguwanni ba.

Sabon yayi shi ne ɗebo alƙaluma daga manhajar kwamfuta. Kafin a amince da su, a zaɓi cibiyoyi kaɗan a gwada abin da aka shigar da ainihin rajistarsu, domin sau da yawa ma'aikaci guda ne ke shigar da bayanan wata uku a zama ɗaya.