Yadda ake cire rubutun fenti daga bango da ƙofar gida

A unguwannin Nima, Mamobi da Sabon Zango na birnin Accra da wuya ka bi layi ba ka ga bangon da aka fesa wa fenti ba, ko sunan jam'iyya tun zaɓen 2024, ko lambar wayar mai talla. Kafin ka sayi komai, shafa bangon da hannu ka gane irinsa, domin abin da zai wanke ƙofar ƙarfe shi zai lalata bangon siminti.

Ƙarfe, tayil da gilashi ba sa shan fenti, aikinsu da sauƙi. Jiƙa tsumma da tina, wato ruwan da ake tsinka fentin mai da shi, ka goga daga gefen rubutun zuwa tsakiya, kana juya tsumman ta wajen da bai ɓaci ba. A gilashi reza ta isa. Idan ƙofar na da fentin mai, gwada kananzir tukuna a wani lungu, saboda tina kan dusashe ƙyallinta. Rubutun alƙalamin maka (marker) kuma sifirit, wanda ake goge fata da shi kafin allura, ke ɗauke shi.

Wahalar tana ga bulo da filastar da ba a yi wa fenti ba. Siminti yana da ƙananan ƙofofi, fentin feshi kan nutse ciki. Mutane da yawa kan kwarara tina a kai, sai fentin ya narke ya ƙara shigewa, rubutu ɗan ƙarami ya koma tabo mai faɗi. A nan soda mai ƙuna, irin wadda masu yin sabulu ke saye, ita ce magani. Zuba ruwan sanyi lita 1, wato ledar piya wata biyu, a bokitin roba, sannan ka riƙa barbaɗa soda kamar gwangwanin madara ɗaya kana juyawa da sanda. Soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa kan soda, don takan yi zafi ta fallatso. Dama sitacin rogo cokali huɗu da ɗan ruwa ka haɗa har ya yi kauri kamar koko, yadda zai kama bango bai zurara ba. Shafa shi da kauri, ka rufe da leda, ka bar shi minti 30. Ledar na da muhimmanci, musamman da hunturu: in haɗin ya bushe, ya daina aiki. Bayan nan goge da burushin roba mai tauri, ka wanke da ruwa mai yawa. Burushin waya yana kankare fuskar filasta, siffar rubutun ta zauna a jiki har abada. Tsohon fenti na iya buƙatar zagaye biyu ko uku.

Kada ka kusanci wannan aiki babu safar hannu ta roba, tabarau da rufaffen takalmi. Soda tana cin fata, tana makantarwa. In ta taɓa ka, sakar wa wurin ruwa na minti 20. In ido ne, wanke sannan a wuce asibiti. A kori yara daga wurin, kuma kar ta taɓa tagar alminiyam, tana cinye shi. Tina kuwa wuta take jira, a nisanta ta da murhun masu tuya.

Bangon da ke da fentin ruwa ba a wanke shi, rufewa ake yi, domin duk abin da zai cire rubutun zai tafi da fentin gidan. Goga sanfefa a hankali, share ƙura, shafa andakot na mai, wato fentin shimfiɗa da ake fara shafawa kafin ainihin fenti, a kan rubutun, ka bari ya kwana. In ka tsallake andakot, ja da baƙi za su riƙa leƙowa ko ka yi shafi uku. Sannan ka yi fentin ruwa shafi biyu, tun daga kusurwa zuwa kusurwa, ba faci a tsakiya ba, don rana ta riga ta koɗar da tsohon launin. Bangon da aka wanke da soda a ɗauraye shi da kofin binega ɗaya, wato ruwan khal, a bokitin ruwa, a ba shi kwana uku ya bushe kafin fenti, in ba haka ba sabon fentin zai ɓamɓare.

Fastocin da aka manna da sitaci ruwan ɗumi da omo suke so. Jiƙa su minti 15, ka kankare da abin roba.