Yadda Unguwa Za Ta Kafa Rumbun Taimako Kafin Yunwar Damina

A ƙasar Hausa hannuwa sun fi sakewa a watan azumi, kuma hakan abin yabo ne, sai dai watan da aka fi bayarwa ba lalle ne ya dace da watan da tukwane suka fi kwana a kife ba. A 'yan shekarun nan azumi yana kamawa ne tsakanin Fabrairu da Maris, lokacin da gidajen manoma da yawa ke da sauran hatsi, alhali matsin gaske yana zuwa ne daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, farashi ya hau a kasuwa, zazzaɓin cizon sauro kuma ya kwantar da yara. Abin da unguwa ko ƙauye za su iya yi da ƙarfin kansu shi ne su tara hatsi da kaka yana da araha, su adana shi da kyau, su fitar da shi da damina ga gidajen da suka riga suka tantance. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun daɗe da rumbunan hatsi na gari tun bayan farin shekarun 1970 da 1980, kuma da yawa daga cikinsu sun durƙushe ne saboda bashin hatsin da ba a biya ba da kuma raunin lissafi. Don haka shawarata ita ce rumbun unguwa ya tsaya a kan kyauta, kada ya shiga harkar rance.

Ana farawa da mutanen da za su riƙe amanar, kuma biyar zuwa bakwai sun wadatar. A sanar da mai unguwa ko dagaci da limami tun kafin a karɓi ko kwano ɗaya, domin aikin da aka fara ba da saninsu ba yakan gamu da zargi, amma kada a ɗora musu riƙon kuɗi ko mabuɗi, saboda su ne za a kai wa ƙara idan saɓani ya taso. Lalle ne a sa mata aƙalla biyu a kwamitin, dattijai masu shiga gidaje kamar ungozoma ko malamar Islamiyyar matan aure, domin namiji iyakarsa zaure, kuma labarin madafa ba kasafai yake isowa zaure ba. Mai karɓa da rubutawa ya zama daban, mai riƙe mabuɗin ɗakin ajiya daban, mai ba da izinin fitarwa kuma daban. Inda Musulmi da Kirista ke zaune tare, kamar a sassan Kaduna da Jos da Yola, a sa wakilin kowane ɓangare.

Aikin da ya fi kowane wuya, wanda kuma ya cancanci a ba shi makonni, shi ne gano gidajen da za a taimaka. Kuskuren da aka fi yi shi ne shelanta cewa duk mai buƙata ya zo ya rubuta sunansa, domin waɗanda za su cika layin su ne masu ƙarfin fita da ƙarfin roƙo, mai kunya kuwa zai zauna a gida yana tura yara su kwanta da wuri. Alƙur'ani mai girma ya siffanta irin waɗannan a aya ta 273 ta Suratul Baƙara, cewa wanda bai san halinsu ba yakan ɗauke su mawadata saboda kamun kansu. A kowace unguwa akwai waɗanda suka san su ba tare da an faɗa musu ba. Mai injin niƙa ya san gidan da a da ake kawo masa kwano biyu kullum, yanzu yarinyar ke zuwa da rabin kwano ɗaure a leda, wata rana ma ba ta zuwa. Mai shago ya san sunan da ya daɗe a littafin bashi har maigidan ya canja hanyar zuwa masallaci. Malamin makaranta ya san yaron da aka cire aka ɗora masa talla, maƙwabciya kuma ta san gidan da aka kwana biyu hayaƙi bai tashi ba. A tambayi irin waɗannan mutane a keɓe, sannan matan kwamiti su shiga gidan da sunan gaisuwa, su zauna a yi hira, su gane wa idonsu.

A jerin, a fara da mace mai takaba da ke riƙe da marayu, da magidancin da ciwo ya kwantar, da tsofaffin da ba su da mai ɗaukar nauyinsu, da iyalan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Zamfara ko Katsina ko Sakkwato suka raɓe a kangayen bayan gari, waɗanda sau da yawa ake mantawa da su don kawai ba 'yan asalin unguwar ba ne. A rubuta yawan bakin da ke cin tukunya ɗaya, da yawan yara 'yan ƙasa da shekara 5, da ko akwai mai ciki ko mai shayarwa. Kowane gida a ba shi lamba, sunayen kuma su tsaya a littafi guda da ke hannun mutum biyu kacal. Idan ana duba gidan ɗan'uwan wani ɗan kwamiti, to ya tashi ya ba da wuri har a gama magana.

Sai an san yawan gidajen ne za a san abin da za a nema. Buhun hatsi mai kilo 100 yana ɗaukar kimanin tiya 40, kuma gida mai mutum shida ko bakwai yana iya cin tiya guda a yini, wato buhu ɗaya zai kai shi kwana 40 ko kusa da haka. Unguwa ba za ta iya ciyar da gida ɗungurungum na wata uku ba, bai ma kamata ta yi alkawarin haka ba, amma buhu guda ga kowane gida, a raba shi tiya 6 ko 7 duk mako biyu, yana cike kusan rabin giɓin. Gida 20 ke nan suna buƙatar buhu 20, a ƙara da wake buhu huɗu ko biyar, domin tsabar hatsi kaɗai ba ta gina jikin yaro. Gara a ɗauki gida 15 a riƙe su har sabon gero ya shigo da a ɗauki 60 a bar su a tsakiyar Yuli.

Tarawa iri biyu ce. Manomi ya ba da dami ko kwano a bakin masussuka, lokacin da bayarwa ta fi yi masa sauƙi. Ma'aikaci da ɗan kasuwa da 'yan unguwar da ke zaune a Legas ko Abuja ko ƙasar waje su ɗauki wani abu ƙayyadadde duk wata, ko da kaɗan ne, domin ƙaramin abin da ba ya yankewa ya fi amfani ga mai tsara saye a kan babbar kyautar da ba a san ranar zuwanta ba. Kuɗin su shiga asusun banki na kwamiti wanda sai mutum biyu sun sa hannu ake cirewa, kada su taɓa kwana a asusun wani mutum komai amincinsa. Idan aikin ya girma, ana iya yi masa rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta Najeriya, a matsayin ƙungiya mai amintattu, abin da ke sauƙaƙa buɗe asusu da sunan ƙungiyar.

A nan akwai batun da bai kamata a yi masa gaggawa ba, wato bambanci tsakanin zakka da sadaka. Zakkar hatsi tana wajaba ne idan amfanin ya kai wusuƙi 5, wato sa'i 300, ana fitar da ɗaya bisa goma a noman damina, ɗaya bisa ashirin a noman da aka shayar da wahala ko da inji, kuma masu cin ta jinsi takwas ne da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa. A fiƙihun Malikiyya ana raba ta ne da zarar ta wajaba, a wurin da ta wajaba, saboda haka ba daidai ba ne a zuba ta a rumbu a kulle ta wata bakwai. Idan an kawo wa kwamiti zakka, a rubuta ta a shafinta daban a miƙa ta ga masu ita nan take, ko a tuntuɓi malamai da hukumomi irin su Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano. Abin da ke shiga rumbu shi ne sadaka da gudummawa, kuma daga cikinsu ake biyan kuɗin mota da buhuna, daga cikinsu ne kuma ake taimakon maƙwabcin da ba Musulmi ba.

Saye yana da lokacinsa. Gero yakan fara shigowa tun Satumba, masara ta biyo baya, wake da dawa kuma sai Nuwamba zuwa Disamba. Kasuwannin ƙauye na mako-mako sun fi araha, amma mai sayen buhuna da yawa yana iya gwada farashin Dawanau a Kano, ko Dandume a Katsina, ko Saminaka a Kaduna, ya haɗa da kuɗin mota kafin ya yanke shawara. A tafi da wanda ya san hatsi, ya soka hannu har tsakiyar buhu, ya ɗebo ya tauna. Busasshiyar ƙwaya tana fashewa ƙas a haƙori, mai danshi kuwa tana lotsewa, kuma ita ce ke yin funfuna a ajiya. Akwai shekarun da farashi ke faɗuwa maimakon ya hau, kamar yadda aka gani a 2025, to wannan bai zama asara ga rumbun taimako ba tun da ba don riba aka saya ba, kuma kada wani ya kawo shawarar a sayar da hatsin a juya kuɗin.

Wajen ajiya, buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007 domin wake, ya rage wahala ƙwarai. Ledoji biyu ne masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Ana cika shi, a matse iskar, a ɗaure kowane ruɓi daban, ƙwarin da ke ciki su mutu don rashin iska ba tare da an zuba magani ba. Wannan ya fi aminci a kan ƙwayar maganin da wasu ke jefawa a buhu, wadda tururinta guba ne ga duk mai kwana kusa da ita. A jera buhunan a kan katako, a janye su daga bango saboda gara da danshi, a toshe ramukan ɓera, domin huda ɗaya tana ɓata aikin ledar. A yi ƙidaya duk wata a gaban mutum biyu.

Ranar rabo ita ce ranar da ake iya rushe duk abin da aka gina, kuma ina roƙon kowane kwamiti da ya guji tara jama'a wuri ɗaya. A watan Maris na 2024 an rasa rayukan mata da yara a turmutsitsin rabon zakka a Bauchi, a Disambar shekarar kuma mutane da dama suka mutu a irin wannan cunkoso a Ibadan da Abuja da Okija ta Jihar Anambra. Ko da ba a yi asarar rai ba, tsayar da uwar marayu a rana ana kiran sunanta da lasifika cin fuska ne da bai cancanci tiya bakwai ta dawa ba. A kai kayan gida, bayan magariba ko da sassafe, a cikin buhun da ba shi da tambari, a hannun amintaccen matashi ko ɗaya daga cikin matan kwamiti. Magana kaɗan ta isa: "Salamu alaikum, Inna, saƙo ne daga 'yan'uwa, a sa mana albarka." Kada a ɗauki hoto, kada a sa wani ya yi godiya a gaban waya domin a tura Facebook ko WhatsApp, domin aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta yi hani ga ɓata sadaka da gori da cutarwa. Ɗan siyasar da ya kawo gudummawa a karɓa a gode masa, amma hotonsa ba zai hau buhu ba.

Mai kai kaya ya riƙa lura da abin da hatsi ba zai magance ba. Wani gidan an kai dawa amma babu kuɗin niƙa ko na itace, don haka a haɗa da 'yan kuɗi kaɗan, ko a yi yarjejeniya da mai injin unguwa kwamiti ya riƙa biyansa. Idan aka ga yaro ya rame har fatar cinyarsa ta yi yaushi, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja yana zubewa, to tamowa ce, kuma aikin asibiti ne ba na rumbu ba. A raka uwar yaron zuwa cibiyar lafiya mafi kusa a ranar, inda za a auna damtsensa da tef ɗin awo, wanda ja a jikinsa ke nufin ƙasa da santimita 11.5, a ba shi abincin magani na musamman. Kwamiti ya biya kuɗin motar zuwa da dawowa har a sallame shi, saboda rashin kuɗin mota yana cikin abin da ke sa iyaye yanke zuwa.

Game da lissafi, a karanta shi a bainar jama'a sau ɗaya a wata, bayan sallar Juma'a ko a taron unguwa: abin da ya shigo, buhunan da aka saya da farashinsu, abin da ya fita, da yawan gidajen da suka amfana, ba tare da ambaton suna ko ɗaya ba. A gayyaci mutum biyu da ba sa cikin kwamiti su buɗe ɗakin su ƙirga buhunan da kansu. Idan Satumba ta yi, a zauna a sake duba jerin gida-gida, a cire wanda Allah ya buɗa masa, a ƙara wanda ya shiga matsi a cikin shekarar, a kuma duba ko wata bazawara jarin ƙosai ko na ƙuli-ƙuli take buƙata fiye da hatsi. A zaman nan ne za a wanke ledojin da ba su huje ba a shanya su, a kuma tsayar da ranar da masu saye za su fita kasuwa domin sabon gero.