Kurakuran da aka fi yi wajen ciyar da kwaɗin dafi

Wanda ya ajiye kwaɗin dafi, waɗannan 'yan ƙananan kwaɗi masu launi tsaf-tsaf na dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, kiwo biyu ya ɗauka: na kwaɗi da na ƙudaje. Abin da ba ya motsi ba sa ko kallonsa, don haka dole ƙwari masu rai.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne a juye musu ƙudaje hakanan, ba a barbaɗa komai ba. Ƙudan 'ya'yan itace marar tashi yana cika ciki, amma kalsiyam ɗinsa kaɗan ne ƙwarai. A hankali ƙashin kwaɗo zai yi laushi, ƙafafu su karkace, jiki ya riƙa karkarwa. Rashin bitamin A kuwa a harshe yake bayyana: danƙonsa ya tafi, sai ka ga kwaɗo ya harba harshe sau uku, sau huɗu, ƙudan yana tafiyarsa. Abincin ga shi a gabansa, yana ta ramewa. Gyaran ba wuya. Ka zuba ƙudajen a kofi, ka sa ɗan garin kalsiyam mai bitamin D3, ka girgiza a hankali har su yi fari-fari, sannan ka juye nan take, domin su ma goge jikinsu suke yi. Haka za ka yi duk lokacin ciyarwa. Bitamin A zalla sau ɗaya ko biyu a wata ya isa, yawansa ma cuta ne.

Shi kansa garin yana tsufa. Da zarar an buɗe shi, bayan wata 6 a sake sabo ko da bai ƙare ba, kuma a ajiye shi nesa da zafi da laima.

Sai dogaro da robar kiwon ƙudaje guda ɗaya. Ranar da ta yi fumfuna ko ta bushe, ina za ka nufa? Irin ƙudan da ake kira Drosophila melanogaster na ɗaukar kusan mako 2 kafin sabuwar roba ta fara bayarwa, Drosophila hydei, wanda ya fi girma, kusan mako 3 ko fiye. Ka riƙa haɗa sabuwa kowane mako, wadda ta kai wata ɗaya ka zubar kafin ƙananan ƙwari masu kama da ƙura su mamaye ta su yaɗu zuwa sauran. Murfin ma ya rufu sosai: ƙudan waje ɗaya ya shiga, 'ya'yan da za su fito masu tashi ne.

Wasu kuma tausayi ne ke sa su cika zubawa. Ƙudaje su yi ta hawa kan kwaɗo, ya takura, ya ɓuya ya ƙi ci. Manyan kwaɗi sau 3 ko 4 a mako ya wadatar, ƙanana masu girma kullum. Idan washegari ka ga ƙudaje da yawa suna yawo, ka rage. Yankan ayaba a lungu ɗaya yana tara ƙudajen, ka ga kwaɗon da ke ci da wanda ake turewa. Kowane ƙwaro kada ya wuce faɗin tsakanin idanun kwaɗon.

Kamo ƙwari daga waje fa, a bari. A daji, daga tururuwa da wasu 'yan mitsil-mitsil ɗin ƙwari kwaɗin suke tara dafinsu, shi ya sa waɗanda aka haifa a akwatin gilashi ba su da shi. Amma abin tsoro a ƙwaron waje shi ne maganin feshi da tsutsar ciki da zai shigo da su, ga jikin kwaɗon nan ɗan ƙanƙani, kaɗan ya ishe shi.