Yadda Ake Kare Jan Panda da Hannun Mutanen Ƙauye

Jan panda ɗan dabba ne da ya ɗan fi muzuru girma, ga jan gashi, ga doguwar jela mai zobe-zobe. A dazuzzukan tsaunukan Himalaya yake rayuwa, daga Nepal da Indiya da Butan har Myanmar da Sin, kuma kusan duk abincinsa ganyen gora ne. Tun 2015 aka sanya shi cikin dabbobin da ke gab da ƙarewa, domin an ƙiyasta waɗanda suka rage a daji ba su kai 10,000 ba.

A Nepal, inda ake ce masa habre, mafi yawan dajin da yake zaune yana wajen gandun gwamnati. Ke nan ransa yana hannun mai saran itace da makiyayi. Ga yadda ake aikin a gundumomin Panchthar da Ilam da Taplejung, can gabashin ƙasar.

Mataki na farko, a zauna da masu dajin. Dokar daji ta 1993 ta ba ƙungiyoyin ƙauyuka ikon kula da dajin da ke makwabtaka da su. Da su za a tsara inda za a yi sara, inda za a yi kiwo, da wuraren da za a bari su huta. Dokar da mutum ya sa baki aka yi ta, da wuya ya taka ta.

Na biyu, a ɗauki masu gadi daga cikin 'yan ƙauyen, a koya musu aiki, a kuma biya su. Haka ƙungiyar Red Panda Network take yi. Sau huɗu a shekara mai gadi zai bi sawun hanyar da ya bi a baya, bai sauya ba, don a iya kwatanta bana da bara. Ba lallai ya ga dabbar ba, domin da rana tana can naɗe a kan reshe tana barci, jela rufe da fuska. Kashinta yake nema, 'yan dunƙule-dunƙule kore a gindin bishiya ko a kan kututture. Ya rubuta wurin, ya duba ko gora ta ragu, in ya ga tarko ya kwance.

Na uku shi ne karnuka, kuma a ganina nan ne aikin ya fi nauyi. Makiyaya suna hawa tsauni da damina da garken chauri, wato ruwa-biyun saniya da yak (wani irin sa na tsauni mai dogon gashi), karnukansu na biye. Daidai lokacin ne, watan Yuni zuwa Yuli, uwar panda take haihuwa a kogon bishiya, galibi 'ya'ya biyu. Kare ɗaya da aka sake zai iya hallaka su a dare guda, ban da ciwon hauka da sauran cututtukan da yake yaɗawa. Ba za a ce wa makiyayi ya rabu da karensa ba, shi ne mai tsaron dukiyarsa. A kai masa allurar riga-kafin karnuka har inda ya yi zango, a yi wa karnukan da ba su da mai su dandaƙa, a roƙe shi ya riƙa ɗaurewa a watannin haihuwa.

Na huɗu, a rage cin itace. Murhun ƙarfe mai cin itace kaɗan, da tanti mai naɗewa a maimakon bukkar da ake sarar sabon katako da gora duk ƙaura, sun wadatar a fara da su.

Daga nan sai dashe. A reni bishiyoyin asalin wurin a ƙauye, a dasa su a filayen da suka raba daji da daji, a killace su kada dabbobi su cinye, don panda ya samu hanyar zuwa neman abokiyar barbara ba tare da ya sauko fili ba.

Na ƙarshe, a bari kuɗi ya shigo gida. Baƙi masu son ganin habre su sauka a gidajen mutanen ƙauye, su ci abincinsu, ɗan ƙauye ya yi musu jagora. Amma su zo kaɗan-kaɗan, su tsaya daga nesa, kuma a rufe ziyara da zarar damina ta kama, har 'ya'yan su fito daga kogo.